Dara, Catan da Zango: Nazari Kan Wasannin Kafa Gari

Akwai wani rukunin wasanni da aka ƙirƙiro a Turai wanda ya fara shigowa wayoyin matasanmu da teburan wasu gidaje. A cikinsa akan ba mutum fili a kan kwali, a ce ya kafa ƙauye, ya mai da shi birni, ya shimfiɗa hanyoyi, ya yi ta faɗaɗawa har ya fi abokan wasansa. Kowane irin wannan wasa yana ɗauke da ra'ayin maƙirƙirinsa game da yadda al'umma ke girma. Bahaushen Duwala kuwa yana da ma'aunin da zai auna wannan ra'ayi da shi, domin unguwar da kakanninsa suka sauka, wato New Bell, wasu ne suka zana ta a kan taswira kafin a zuba mutane a ciki.

Uban wannan rukuni shi ne Civilization, wanda wani Bature ɗan Ingila, Francis Tresham, ya fitar a 1980. Filinsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne a zamanin da. Kowane ɗan wasa yana riƙe da al'umma guda, kamar Masar ko Babila. Jama'arsa na hayayyafa, yana gina birane, biranen na samar masa da katunan haja irin su gishiri da hatsi da tagulla. Da su yake ciniki, ribar kuma ya sayi ilimi: ginin tukwane, sanin taurari, shari'a. A cikin katunan hajar an cusa na masifu, irin su annoba da yaƙin basasa, don haka abokin ciniki na iya miƙo maka bala'i a naɗe cikin kaya. Wasa ɗaya kan cinye yini sur. A 1991 Sid Meier ya fitar da na kwamfuta mai irin wannan suna, shi ne ma ya fi shahara a yau.

Wanda ya kai wannan salo gida-gida shi ne Catan, na Bajamushe Klaus Teuber, mai sana'ar haɗa haƙoran roba, wanda ya fito a 1995, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 30. Tsibiri ne mai yankuna 19, yana ba da abubuwa biyar: katako, bulo, ulu, alkama da tama. Hanya tana cin katako da bulo. Ƙauye yana cin katako da bulo da ulu da alkama. Birni sai alkama biyu da tama uku. Kowane yanki, ban da hamada, yana da lamba, kuma ana jefa 'ya'yan lido biyu, lambar da ta fito ita ke ba da amfani. Mai lissafi ya san 6 da 8 sun fi 2 da 12 yawan fitowa har ninki biyar, don haka a gefensu yake kafa ƙauyensa. In 7 ta fito, ƙwayar da ake kira ɓarawo ta tashi, wanda ya tara kati fiye da bakwai ya yi asarar rabi. Daɗin wasan yana wajen ciniki. Mai tulin ulu yana neman bulo ido rufe, mai bulon ya ga maƙwabcinsa saura maki biyu ya cika goman da ake cin wasa da su, sai ya noƙe, ya ce ko ulu uku aka ba shi ba zai sayar ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban rumfa a babbar kasuwar New Bell ya san wannan kallon-kallo.

Ba za a raina abin da wasannin nan ke koyarwa ba. Suna nuna cewa wanda ya mallaki abu ɗaya tak, komai yawansa, yana hannun wasu. Suna horar da yaro ya yi tanadi, ya jinkirta ƙaramar riba don babba, ya karanci fuskar abokin ciniki. Aibinsu yana cikin abin da suka ɗauka tamkar ba ya bukatar tambaya. Tsibirin Catan ba kowa a kansa sai ɓarawon da ke hamada, kowa ya zo ya yanki rabonsa. A wasan Risk, wanda Bafaranshe Albert Lamorisse ya fitar a 1957, an kasa duniya gida 42, Afirka duka gida shida, ladan mallakarta kuma soja uku, alhali na Turai biyar ne. A Puerto Rico na 2002, wasu 'yan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa ne ake saukewa daga jirgin ruwa a tura su gonaki, an kira su 'yan kama-wuri-zauna, amma kowa ya gane bayi ne. Sukar da aka yi ta sa aka sake masa zubi a 2022. Haka Mombasa na 2015, mai kamfanonin mulkin mallaka, aka kwashe shi aka mayar kan duniyar wata da sunan Skymines.

Duwala ta ga wannan wasa da idonta, da mutane na gaske. A watan Yuli na 1884 sarakunan Duwala, Bell da Akwa, suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa, bisa sharaɗin ƙasar da suke zaune da wadda suke nomawa ta ci gaba da zama tasu. Daga 1910 Jamusawa suka shirya kwashe su daga bakin kogin Wuri zuwa can ciki, a bar fili mai faɗin kilomita guda tsakanin Turawa da baƙaƙe, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, ya kai ƙara har majalisar Jamus. Ranar 8 ga Agusta 1914 suka rataye shi tare da sakatarensa Ngosso Din. Ba a cika wata biyu ba dara ta ci gida, sojojin Ingila da Faransa suka karɓe garin. Wurin da aka tanada don korarrun, New Bell, sai ya zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu, kowa da ɓangarensa.

Namu wasan, dara, tunaninsa daban ne. Ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa 12, ɗaya ya karya kara 12. Da farko kasawa ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan gwani ke cin wasa tun ba a fara motsi ba. Daga nan kowa ya riƙa gusa ɗansa gurbi guda, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya cire ɗa guda na abokin karawarsa, jerin huɗu kuwa ba ya ci. Babban buri shi ne kafa doki, wato tsarin da ɗa guda ke kai da komo tsakanin gurabe biyu, duk motsi ya cika uku. Mai kallo zai ga dattijo ya ɗora yatsa a kan tsakuwa, ya ɗage, ya gyara hula, 'yan kallo na ta gyaran murya, shi kuwa gurbin da zai toshe nan da motsi huɗu yake hange. A dara fili ba ya ƙaruwa, ba kuma sa'a. Haka songo na Beti da Bulu a kudancin Kamaru, mai gurabe 14 da 'ya'ya 70: shuka ake yi, a zagaya, a girbe. Wasanni ne na zurfin lissafi, sai dai ba sa ba da labarin kafa gari.

Labarin kuwa muna da shi, sunansa zango. Daga Salaga zuwa Kumasi, daga Sabo ta Ibadan zuwa Briqueterie ta Yawunde da New Bell, Hausawa sun bazu ba tare da sun mallaki ƙasar da suka sauka ba. Madugu ya ja ayari, a nemi izinin mai ƙasa, a kafa bukkoki da masallaci, a naɗa sarkin Hausawa da liman. Mai gida ya sauki baƙo, ya adana masa kaya, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan Sabo, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ba takarda, sunan mai gida kaɗai ne jingina. Jarin wannan tsari amana ce, kuma in ta zube, hanyar duka ta mutu. Babu ɗaya daga wasannin da muka ambata da ya ɗora nasara kacokan a kanta.

Kada kuma mu wanke kanmu tas. Fataken da suka gangaro kudu sun bi sawun yaƙe-yaƙen Adamawa da aka fara a zamanin Modibbo Adama, ta Ngaundare da Tibati da Banyo, kuma cikin hajar wancan zamani akwai hauren giwa da bayi. Wasan da zai ba da tarihinmu ya ɓoye wannan, ya aikata laifin da muke zargin Puerto Rico da shi.

Akwai kuma batun addini. Malamai da yawa suna ƙyamar wasan da ake jefa ɗan lido, kuma babu saɓani kan haramcin caca ko wasan da ke shagaltarwa daga salla. Wannan ba shinge ba ne ga mai ƙirƙira, domin Civilization na Tresham ba ɗan lido a cikinsa ko ɗaya, haka ma dara.

Hanya ta riga ta buɗe. A Abuja, kamfanin NIBCARD na Kenechukwu Ogbuagu yana ƙera wasanni masu labarin gida, har ya sami lambar yabo ta Diana Jones a 2021. Kayan aiki kwali ne da alƙalami da tsakuwa. Taswirar ma a shirye take: Kano, Yola, Garwa, Ngaundare, Yawunde, Duwala, da goro da shanu da kanwa da tufafi a tsakaninsu, da damina da kuɗin fito da rikicin masauki a matsayin masifu, nasara kuma ta wanda zangonsa ya fi cika da baƙi. Matasan New Bell, masu zane da masu kwamfuta, ku zauna da dattawan unguwa tun suna raye, ku tambaye su yadda aka zo, sannan ku ƙera wannan wasa da kanku.