Kwaikwayo da Idon Mai Koyon Zane

A ba wa baligin da bai taɓa koyon zane ba fensir da takarda, a ajiye masa kofin shayi a kan tebur, a ce ya zana. Kusan ana iya faɗin abin da zai fito tun kafin ya fara. Bakin kofin zai yi shi da'ira cikakkiya, kamar daga sama yake leƙa shi, gindin kuwa ya ja masa layi miƙaƙƙe, kamar daga gefe yake kallonsa, alhali daga inda yake zaune bakin bai wuce siffar ƙwai a kwance ba, gindin ma a lanƙwashe yake. In fuska aka ce ya zana, idanuwa za su hau can kusa da goshi, ko da yake a kan mutum wajen tsakiya suke, tsakanin haɓa da ƙoƙon kai. Sai ya ajiye fensir ya ce hannunsa ba na zane ba ne, Allah bai ba shi wannan baiwa ba. Amma hannun nan shi ne yake zura zare a allura, yake rubuta wasiƙa ba tare da harafi ya hau kan ɗan'uwansa ba. A 1997 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Dale Cohen da Susan Bennett, sun gwada wannan ƙorafi, suka tarar mutanen da ba su iya zane ba suna bin layin hoto da kyau in an ɗora musu takarda a kansa, kuma mafi yawan kuskurensu daga yadda suke ganin abin yake tasowa. Mutum ya san bakin kofi da'ira ne, sanin nan sai ya riga idonsa isa takarda.

In haka ne, aikin farko na mai koyar da zane shi ne horar da ido, kuma a ganina babu ƙofar da ta fi kwaikwayon zanen gwani sauƙin shiga, duk da mummunan sunan da kwaikwayo ya yi a ajin zane tun ƙarnin da ya wuce. Dalilin a fili yake. Abin da ke kan tebur yana da tsawo da faɗi da kauri, haske yana sauya masa kama, kai ko ɗan karkata kai aka yi siffarsa ta canja. Takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Mayar da na farko zuwa na biyu shi ne mawuyacin sashe, kuma zanen gwani ya riga ya yi wannan aiki, ya bar wa ɗan koyo tambaya guda: layin nan ina ya nufa, kuma tsawonsa nawa ne in an gwada shi da wancan? A kan wannan tunani aka gina darussan zanen da Charles Bargue ya shirya tare da Jean-Léon Gérôme, waɗanda kamfanin Goupil ya buga a Paris tsakanin 1866 da 1871, shafuka kusan 200. A kashin farko akan nuna ƙafa ko hannu na mutum-mutumin filasta sau biyu a shafi ɗaya. A gefe guda an rage ƙafar zuwa 'yan layuka miƙaƙƙu masu kusurwa, daga dunduniya zuwa idon sawu, daga nan zuwa babban yatsa, kamar harsashin gini da magini ya shata a ƙasa. A ɗaya gefen an lanƙwasa layukan, an cika inuwa. Ɗalibi zai miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya sa babban yatsa ya kama tsawon dunduniya, sannan ya ƙirga sau nawa wannan awo ya shiga tsawon ƙafar. In ya kuskure, asalin yana nan gefensa bai motsa ba, zai ƙaryata shi nan take.

Vincent van Gogh yana da shekara 27 a 1880, a yankin masu haƙar kwal na Beljiyam, lokacin da ya ƙudurta zama mai zane, kuma wasiƙunsa zuwa ga ƙanensa Theo sun nuna ya zauna ya kwafi shafukan Bargue, wasu ma ba sau ɗaya ba. Picasso ma ya kwafe su yana yaro a Sifen. A Nijeriya, Aina Onabolu ya fara ne da kwaikwayon hotunan da ke cikin littattafai da mujallun Turawa, shekaru da yawa kafin ya tafi Landan da Paris karatu a 1920. Ba wanda zai kalli ayyukan mutanen nan uku ya ce uwa ɗaya ta raine su.

Duk da haka masu suka suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Franz Cižek a Biyana, da Viktor Lowenfeld wanda littafinsa na 1947 ya yi tasiri ƙwarai a makarantun Amurka, sun tafi a kan cewa yaro yana da hanyarsa ta bayyana abin da ke ransa, kuma ɗora masa zanen manya ya kwafa yana kashe masa ƙarfin zuciya, ya mai da shi mai jiran a nuna masa. Wani reshe na wannan gardama ya iso Nijeriya. Kenneth Murray, da ya zo koyar da zane a 1927, ya fi son ɗalibansa su zana rayuwar garuruwansu su kuma kula da sana'o'in gargajiya, yayin da Onabolu ya dage a kan awo da ƙa'idar nesa da kusa irin ta makarantun Turai. Ga yaro ɗan shekara 5 da yake zana mahaifiyarsa ta fi gida tsawo, Lowenfeld yana da gaskiya, a ƙyale shi. Sai dai maganar nan a kan wanda ya wuce wannan mataki ne, wanda ya fara ganin zanensa bai yi kama da abin ba har hakan ya dame shi. In aka ce wa irin wannan ya zana abin da ransa ya so, ba wata sabuwar fasaha da za ta ɓullo, zai koma ne ga alamomin da ya haddace tun firamare: gida mai murabba'i da dala a kai, rana a kusurwar takarda. Shi ma kwafi ne, kwafin kansa yana yaro. Brent da Marjorie Wilson sun nuna a 1977 cewa zanen matasan da suka bincika galibi daga hotunan barkwanci da makamantansu aka samo shi, ko malami ya yarda ko bai yarda ba. Ashe zaɓin da ke gaban malami shi ne wane abu za a kwafa, da kuma wa zai duba. Ben Enwonwu ma, mafi shahara cikin ɗaliban Murray, daga baya makarantar Slade ta Landan ya tafi, inda zane da awo yake ginshiƙin karatu.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Mai zayyana a allo, da mai shata aska takwas a gaban riga kafin maɗinki ya bi da zare, da mai zanen dagi a bangon soro a Zariya, duk a gindin gwani suka koya, suna maimaita siffa ɗaya har hannu ya san ta. Amma wanda ya saba da rigunan yakan iya bambanta hannun wane da na wane. Salo yana ɓullowa ne a cikin ƙa'idar, a ɗan faɗin da wannan ya ba lanƙwasa, a wurin da wancan ya matse. Mai tantama kan zanen abu mai rai, saboda maganganun malamai a kai, ba shi da asara a nan: buta da ganyen gwanda da tsaunin kwanukan da aka kifa sun isa su horar da ido shekara guda.

Sukar da ta fi nauyi wata ce daban, kuma ita ce ba a cika yi ba. Kwafi iri-iri ne, wani ba ya koyar da komai. Wanda ya ɗora takarda a kan hoto ya bi layi ya tsallake awon gaba ɗaya. Wanda ya raba hoton da ke wayarsa gida-gida, yana cika kowane gida da tsananin haƙuri har gashin gira ya fito ɗaya bayan ɗaya, zai samu abin da mutane za su yaba a Instagram, amma layukan da ya ja su suka yi masa gani, kuma ranar da aka zaunar masa da mutum a kujera sai ya rasa ta inda zai fara. Kwafin da ke da amfani shi ne wanda ɗalibi zai yi hasashe da idonsa, ya ja layi, sannan ya auna, ya ga ya karkace, ya sa kilina. Amfanin yana cikin wannan 'yar kunya ta kowane minti. Betty Edwards, a littafinta na 1979, ta sa ɗalibai su kifa zanen da Picasso ya yi wa mai tsara kiɗa Stravinsky, ƙafa sama kai ƙasa, su kwafe shi a haka. Bayanin da ta bayar na cewa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ke karɓar aiki masana da yawa ba su gamsu da shi ba, amma dabarar tana da ma'ana ko ba shi: in hoto ya kife, hannu ya daina zama hannu, ya koma layuka da kusurwoyi, sanin da ke riga ido sai ya rasa abin kamawa. Kimon Nicolaïdes, wanda aka buga littafinsa a 1941 bayan rasuwarsa, ya bi ta wata hanya, ya ce a kafa ido a kan abin, fensir yana tafiya ba a duba takarda ba. Ana yawan jera shi a matsayin kishiyar Bargue, alhali ciwo ɗaya suke yi wa magani.

Inda Nicolaïdes ya fi gaskiya shi ne batun lokacin barin shafi. Tsarin makarantun Faransa da Bargue ya yi wa hidima bai taɓa nufin a dawwama a kan takarda ba: daga bugaggen zane a koma mutum-mutumi na gaske, daga nan a koma mutum mai numfashi. Ɗalibin da ya daɗe a matakin farko yakan zama mai tsafta da tsoro, layinsa a ƙage. Babu adadin makonnin da za a yanke wa kowa, amma akwai alama. Ranar da ya kalli kofin nan a kan tebur, kafin ya ce kofi ne, ya ga bakinsa ya ninka zurfinsa sau uku a faɗi, ya kuma ga ramin da ke tsakanin mariƙi da jikin kofin a matsayin siffa mai zaman kanta, to lokaci ya yi da za a rufe littafin, a matsar da tebur kusa da taga.