Vera Wang, Gwanar da Ta Fara Bayan Arba'in

In ana zancen Vera Wang kada ma a ba ni alƙalanci, don ba zan yi adalci ba. Na daɗe da kamuwa. Ƙawayena sun san halina, in hira ta yi hira aka gangaro kan kayan amare sai wata ta ce, "Don Allah kada ku ambaci matar nan, yanzu sai mu kwana a nan." Wayata ta sha cika, na goge hotunan suna da na walima, amma hannuna bai taɓa iya goge tarin hotunan rigunanta ba. Ban taɓa sa rigarta ba, ko hannu ban taɓa kai mata ba. Kuɗin guda ɗaya cikin manyan zai sayi fili a unguwarmu har a yi canji. To amma so ina ruwansa da aljihu?

Abin dariya, rigar da ta fara sace mini zuciya ba ta amarya ba ce. Wadda 'yar fim ɗin nan Michelle Williams ta sa a bikin Oscar na 2006 ce. Launinta ruwan ɗorawa ne da ya nuna sosai, kamar an ɗiga masa gangamau. Yadin marar nauyi, an yi masa ƙananan tattara a gefen wuya, aka tsuke shi a ƙugu, sannan aka sake shi ya zuba har ƙasa yana jan jela. Babu dutse ko ɗaya, babu ƙyalƙyali. Na tsaya ina kallon hoton ina tunanin yadda mu a nan in ba a lafta wa riga duwatsu ta yi nauyin buhun gero ba, sai mu ce tela ya cuce mu. Ita kuwa wannan launi ne kawai da iya yanka, kuma har yau in ana lissafin rigunan da suka ƙayatar a tarihin bikin sai an sako ta. Daga nan na shiga neman wace ce ta yi wannan aiki, kuma labarin da na tarar ya fi rigar kama ni.

An haife ta a birnin New York a watan Yuni na 1949. Iyayenta daga ƙasar Sin suka yi ƙaura zuwa Amurka. Mahaifinta ɗan kasuwa ne mai harkar magunguna, mahaifiyarta kuma ta yi aikin tafinta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun tana ƙarama abin da ta sa a gaba shi ne wasan zamiya a kan ƙanƙara, irin wanda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa ana juyi da tsalle ana bin kiɗa. Ba da wasa ta ɗauke shi ba. Ta kai har gasar ƙasa ta Amurka a 1968, ita da abokin wasanta, da burin a zaɓe su zuwa gasar Olamfik. Ba a zaɓe su ba. Yarinya ko ashirin ba ta kai ba, abin da ta ba ƙuruciyarta kaf ya kuɓuce mata.

Ta koma karatu, ta yi digiri a tarihin zane-zane a kwalejin Sarah Lawrence, ta ɗan zauna a birnin Faris tana karatu a Sorbonne. Bayan ta gama sai ta samu shiga mujallar Vogue, wadda a duniyar sutura ita ce uwa ma ba da mama. Ta fara daga ƙasa, aikin ɗauko wannan miƙo wancan, kafin ta zama ɗaya daga cikin editoci mafiya ƙarancin shekaru da mujallar ta taɓa yi. Sama da shekara 15 ta yi a wurin. Da ta hango cewa babbar kujerar ba za ta zo hannunta ba, sai ta tattara nata ya nata a 1987. Kujerar kuwa Anna Wintour aka ba a 1988. Faɗuwa ta biyu ke nan. Ta koma kamfanin Ralph Lauren ta yi shekara biyu tana tsara musu kayan ƙawa, irin su jaka da bel.

A nan ne labarin yake yi mini daɗi. A watan Yuni na 1989, saura kwanaki ta cika 40, ta yi auren fari. Ku tsaya ku ji da kyau, 'yan'uwana mata: auren fari, a bakin arba'in. A wurinmu da tuni an gama yanke mata hukunci, an kai sunanta wurin malamai, dangi sun gaji da tambaya sun koma tausayi. Ita kuwa da ta tashi neman rigar aure sai ta zaga shaguna ta rasa wadda za ta iya sawa. Zamanin ne na riguna masu kumburarren hannu da tulin leshi, yayin da ya biyo bayan rigar Gimbiya Diana ta 1981 mai jela ƙafa 25. Duk an yi su ne don yarinya 'yar ashirin da ɗoriya mai son ta fito kamar 'yar tsana. Babbar mace da ta ga jiya ta ga yau, wadda idonta ya goge da kallon ɗinkin manyan gwanayen Faris, babu wanda ya tuna da ita. Sai ta zana tata da kanta ta ba tela ya ɗinka. A 1990 ta buɗe shagon kayan amare a otal ɗin Carlyle da ke titin Madison a New York. Da farko ma rigunan wasu take sayarwa, tana sako nata a hankali, har nata suka kori na baƙi daga kan rataya.

Mutane suna son ba da labarin nan kamar wata ce ta farka rana ɗaya tana da shekara 40 ta ce bari in gwada ɗinki, sai Allah ya dafa mata. Ni wannan ba ya gamsar da ni, har ma ina ganin rage mata daraja ne. Ku dubi rigunan da kyau za ku ga duk shekarun nan a jikinsu. Wadda ta yi shekaru tana juyi a kan ƙanƙara ta san abin da tela da yawa bai sani ba: riga ba a tsaye take rayuwa ba. Amarya za ta taka, za ta zauna, za ta sunkuya gaida surukai, za ta ɗaga hannu. Shi ya sa in ka ga bidiyon rigarta ana tafiya da ita, sai ka ga net ɗin nan da aka jera hawa-hawa yana bin jiki kamar hayaƙin turaren wuta. Shekarun Vogue su suka ba ta ido, don wadda ta tsaya a bayan mai ɗaukar hoto sau dubu ta san inda haske yake faɗawa a kan satin, ta san abin da zai yi kyau a ido ya mutu a hoto. A wurin Ralph Lauren kuma ta ga yadda ake mayar da suna ya zama kasuwa. Da a ce an zaɓe ta Olamfik, ko an ba ta kujerar edita, da wata matar daban za mu sani, rigunan nan kuwa da babu su.

Kuma ƙanƙarar da ta ƙi ta, sai ga shi ta koma mata ta wata ƙofar. Ita ta ɗinka wa Nancy Kerrigan kayan da ta sa a Olamfik na 1992 da na 1994, ta yi wa Michelle Kwan, ta yi wa Evan Lysacek da ya ci zinare a 2010, ta yi wa Nathan Chen da ya ci zinare a Beijing a 2022. A 2009 aka sa sunanta a zauren girmamawa na wasan a Amurka saboda wannan hidima. Duk sanda na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi. Yarinyar da aka bari a gida a 1968, ɗinkinta ya hau dandamalin karɓar lambar zinare har sau biyu.

Kada a ce so ya rufe mini ido gaba ɗaya, bari in faɗi abin da masu yabo suke tsallakewa. Mahaifinta mai kuɗi ne, kuma shi ya zuba jarin shagon. Ba kowace mace ce za ta ajiye aiki a shekara 40 ta tarar da uba riƙe da mabuɗin shago a titin Madison ba. Wadda take sayar da ƙuli-ƙuli don ta biya kuɗin makarantar yara in aka ce mata "ki yi koyi da Vera Wang" ba tare da an faɗi wannan ba, an yi mata rashin gaskiya. Sai dai ni na ga 'ya'yan masu kuɗi da yawa da aka buɗe wa shago, aka yi walima aka yanka kek, bayan shekara biyu wurin ya koma shagon cajin waya. Jari yana buɗe ƙofa, ba ya zaunar da mutum shekara talatin da ɗoriya a ciki. Haka nan ba kowace rigarta ce ta dace da mu ba. Da yawa babu hannu, kafaɗa a waje, wasu bayan ma a buɗe. Ni idona a kan yanka da zubin yadi yake, sauran kuwa telolinmu sun san yadda suke yi, a sa dogon hannu, a rufe wuya, a ɗora mayafi, riga ta fito da mutuncinta.

Amaren da suka sa ɗinkinta ba sa lissafuwa. Mariah Carey a 1993, Victoria da ta auri ɗan ƙwallon Ingila David Beckham a 1999, Chelsea 'yar tsohon shugaba Clinton a 2010, Ariana Grande a 2021. Michelle Obama ma baƙar rigarta ta sa a liyafar da aka yi wa shugaban Sin a fadar White House a 2015. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne rashin tsoronta bayan ta yi suna. A ƙarshen 2011, tana da shekara 62, lokacin da wata za ta ce na samu abin da ke sayuwa bari in lallaɓa, sai ta fito da jerin rigunan amare baƙaƙe. Baƙaƙe wuluk! Na nuna wa wata yayata hoton ta ce, "A'uzubillahi, wannan amarya ce ko mai takaba?" Na yi dariya har da hawaye, amma na ce mata ta sake duba yadda aka sa baƙin net a kan yadi mai launin fata har ya zama kamar zanen lalle a hannu. Ta yi shiru, ta ce a tura mata. Bayan baƙaƙen sai ta kawo jajaye, launin da amare suke sawa a ƙasar iyayenta. Mu da amaryarmu take canza kala biyar tsakanin kamu da ɗaurin aure da buɗar kai, wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, amma a inda aka ɗauki farar riga kamar wahayi, ƙarfin hali ne ba ƙarami ba.

Ba ta kuma tsaya wa masu hannu da shuni kaɗai ba. A 2007 ta fito da kayan sawa na yau da kullum masu sauƙin kuɗi a shagunan Kohl's, a 2011 kuma ta yi rigunan amare masu rangwame tare da shagunan David's Bridal, don malamar makaranta ma ta sa sunan a ranar aurenta. Ƙungiyar masu tsara sutura ta Amurka ta ba ta gwarzuwar shekara a 2005, ta ba ta lambar hidimar rayuwa a 2013, shugaba Biden kuma ya rataya mata lambar fasaha ta ƙasa a 2023. A 2020 intanet ta rikice da hotunanta, ana ta mamakin wai mai shekara 70 ce take kamar budurwa. Wannan surutun haushi ya ba ni. Mace ta yi shekara talatin tana sauya yadda amaren duniya suke fita, a rasa abin tattaunawa sai ƙugunta.

Labarinta yana tuna mini da gwaggona, ƙanwar mahaifina, da mijinta ya rasu tana da shekara 46. Ta fita takaba da 'ya'ya biyar da keken ɗinki Butterfly da yake cikin kayan ɗakinta tun na aure, an rufe shi da zani an ɗora masa kwanuka. Shekara ashirin da wani abu tana yi wa yaranta gyaran kaya da hannu, tana kwance tsohuwar riga don ta ga yadda aka haɗa ta, ba wanda ya taɓa kiran wannan koyon sana'a. Da ta sauke kwanukan ta sa wa keken mai, har a cikin dangi an yi ta cewa da girmanta za ta zauna tana taka keke kamar 'yar koyo. Yanzu in biki ya matso sai an yi mata magana wata biyu kafin lokaci, kuma yara mata huɗu ne suke koyo a zaurenta.

Ranar nan na je gaishe ta na tarar tana fama da rigar dina ta wata amarya, bakinta cike da allurai. Na zauna a kan tabarma na buɗe mata hotunan, ina ta zuba kamar kanya, ƙanƙara, Vogue, Carlyle, duk na kwashe na faɗa mata. Ba ta ce komai ba sai da ta cire alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke a gefen zaninta.

"Tana da shekara nawa ta fara, kika ce?"

"Arba'in, Gwaggo."

"Ashe yarinya ce." Ta gyara tabarau ta karɓi wayar. "Ke 'yar nan, matso mini da wannan ta ruwan ɗorawar. Buɗo wajen ƙugun in ga yadda ta kama tattarar."