Shaho Ko Shirwa? Kuma Wa Ke Cikin Haɗari?

Wani ɗalibina ne ya kawo mini wata fassara da ya ci karo da ita, ga jimlar da ta tsaya mini a rai: "Shaho mai baki baƙi da shaho mai baki rawaya ba masu haɗari ba ne." Hoton da aka liƙa kuwa na tsuntsaye ne masu tsagaggiyar wutsiya. Kurakurai biyu ne a nan.

Na farko, suna. In ka ga wutsiya ta tsage, tsuntsun na shawagi a saman mahauta ko inda ake ƙona daji, to shirwa ce, ba shaho ba. Ka lura kuma da jinsi: shaho YA sure ɗan tsako, shirwa TA sure ɗan tsako.

Shirwar mai baki rawaya tamu ce, a Afirka take hayayyafa. Mai baki baƙi kuwa baƙuwa ce, da yawansu daga Turai suke zuwa mana lokacin hunturu. Kamanninsu ya kai har wasu masana na ƙirga su iri ɗaya.

Kuskure na biyu ya fi muni. "Mai haɗari" daban, "cikin haɗari" daban. Kura ce mai haɗari, akuyar da ke gabanta ita ke cikin haɗari. Abin da mai fassarar ke son faɗa shi ne, ƙungiyar IUCN ba ta sa waɗannan tsuntsaye cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa ba. Ga daidai:

"Shirwa mai baki baƙi da mai baki rawaya ba sa cikin haɗarin ƙarewa."

Kada ka ce ai an gane. Ɗauki ungulun da a da take cika mahautunmu. Tun 2015 IUCN ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, saboda guba da farautarta don haɗa magani. In aka rubuta "ungulu mai haɗari ce", me kake zaton yaro mai danƙo zai yi in ya gan ta? Jimlar da aka rubuta don a cece ta, ita za ta ja mata jifa.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Ku a garinku, da me kuke bambance shaho da shirwa?