Masu Zane da Sawun Ƙafa

A ƙarshen shekarar 2002, an yi wani baje koli a ma'ajiyar tarihi ta birnin Amsterdam, ƙasar Holan, inda aka jera taswirorin birnin tun daga na 1866. Cikinsu akwai wani ƙaton allo baƙi wuluk, babu titi, babu gada, babu sunan unguwa ko ɗaya. Wanda ya yi haƙuri ya tsaya sai ya ga siririn zaren haske ya ɓullo yana jan ciki sannu a hankali. Wani mazaunin birnin ne ke tafiya a waje a daidai wannan lokaci, da na'urar GPS a jakarsa, tana aiko da labarin inda yake. Mutane gommai suka karɓi irin wannan na'ura, suka ci gaba da harkokinsu. Kwana ya bi kwana, zare ya hau kan zare, har magudanan ruwan nan da suka yi wa tsakiyar Amsterdam ƙawanya suka fito fili, domin mutane sun bi gaɓarsu sun tsallaka gadojinsu. Inda ake yawan bi ya yi haske, inda ba a taka ba ya zauna cikin duhu.

Esther Polak ce ta ƙirƙiro wannan aiki mai suna Amsterdam RealTime, tare da Jeroen Kee da cibiyar Waag. Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne ƙarfin halin barin allon babu komai. Mun saba da taswirar da hukuma ta auna ta zana, mu namu bi ne. A nan kuwa tafiyar ce ta haifi taswirar.

Kafin a gane gwanintar masu wannan fasaha, sai an san alƙalaminsu. Sojojin Amurka ne suka kafa GPS: taurarin ɗan'adam aƙalla 24, suna kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,200, kowanne yana aiko da sigina mai ɗauke da matsayinsa da ainihin lokaci. Na'urar da ke hannunka takan saurari aƙalla huɗu daga cikinsu, ta auna jinkirin isowar siginar kowanne, ta fitar da inda kake. Ɗigo ɗaya ke nan. Bayan daƙiƙa guda ko 'yan daƙiƙu ta sake ajiye wani, ɗigon nan in aka haɗa su su ne layi. Har zuwa watan Mayu na 2000, da gangan ake gurɓata siginar da farar hula ke samu, kuskuren ya kan kai mita 100, wato kusan tsawon filin ƙwallo. Da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina, kuskuren ya sauko ya koma 'yan mitoci. Alƙalamin ya samu fiƙa, masu zane suka ɗauka.

A wannan shekara ta 2000, mai zane Jeremy Wood, wanda ya yi suna a Ingila, ya fara ajiye sawun tafiye-tafiyensa. A 2010 ya zana taswirar harabar Jami'ar Warwick da ke gefen birnin Coventry da ƙafarsa: mil 238, kimanin kilomita 383, cikin kwana 17. Ya riƙa kauce wa hanyoyin da aka shimfiɗa, yana kai da komo a filaye da gonaki, yana zagaye gine-gine. Gini ya kan bayyana a zanen a matsayin gurbin da ƙafa ba ta shiga ba. Har alamar da ke nuna gabas da yamma, wadda ake sa wa a gefen taswira, takawa ya yi ya fitar da ita a fili. Ya sa wa aikin suna Traverse Me.

A yi tunanin wahalar abin. Mai zane a takarda yana kallon hannunsa, yana ganin farkon layi da ƙarshensa a kallo ɗaya. Mai zane da GPS shi ne bakin alƙalamin, yana tsakiyar layin, takardarsa kuwa ta fi ƙarfin idonsa. In da'ira zai yi a fili, babu abin da ya rage a ciyawa da zai nuna masa inda ya faro. Sai ya riƙe wata bishiya da ido, ya ƙirga taku, ya riƙa karkata kaɗan-kaɗan yadda ƙarshen zai haɗu da farko. In ya yi sauri a kwana, na'urar ta yanke masa lungun, kusurwa ta zama lanƙwasa. In ya tsaya shan ruwa bai dakatar da ita ba, ɗigon ya yi ta rawa a wuri ɗaya, ya bar masa ƙulli kamar tawada ta ɗiga. Kuma babu abin gogewa. Takun da aka yi ya shiga zane.

Cikin gari ya fi wuya. Dogayen benaye sukan tare sigina, ko ta bugi gilashi ta dawo a makare, sai na'urar ta jefa ka ƙetaren titi alhali ba ka motsa ba. Gwani ya san titunan da ke yi masa haka, ya san inda sama ke buɗe. Sannan titi ba ya biyayya ga mai zane. Masu yin wannan da keke, irin su Stephen Lund na birnin Victoria a Kanada, wanda ya shahara da zanen raƙumin dawa da manhajar Strava, sukan zauna da taswira suna kallonta har siffa ta fito daga cikin tituna, kamar yadda yaro ke hango doki a gajimare. Wannan shataletale ido ne, wancan dogon titi wuya ne. Sai a tsara hanya lanƙwasa bayan lanƙwasa, a haddace ta ko a rubuta. Akwai dabarar da sukan yi in gini ko kogi ya tare layi: a dakatar da na'ura, a zagaya, a kunna a ɗaya gefen, ita kuma ta haɗa ɗigon biyu da miƙaƙƙen layi. Tafiyar yini guda tana iya lalacewa da shan kwana ɗaya da aka yi ba daidai ba. Haƙurin masassaƙi ake buƙata, da ƙafar fatake.

Wasu sun ɗora wa layin abin da ido ba ya gani. Daga 2004, Christian Nold ya riƙa ɗaura wa mutane wata 'yar na'ura a yatsu mai auna gumin fata, ya haɗa ta da GPS, ya tura su yawo a unguwanni irin su Greenwich a Landan. Inda jiki ya motsu, layin ya yi tudu. Na'urar ba ta san ko tsoro ne ko farin ciki ba, don haka sai mai tafiyar ya dawo ya yi bayani da bakinsa. Simon Weckert kuma ta wata fuska ya zo. A bidiyon da ya fitar a Fabrairun 2020, an gan shi yana jan ƙaramar kura ɗauke da wayoyin hannu 99 a titunan Berlin na Jamus. Google Maps ta ɗauka motoci ne suka cunkushe, ta mayar da titin ja, alhali fayau yake. Da kura ɗaya ya koya wa duniya cewa taswirar da ke aljihunmu da sawunmu ake gina ta.

Aikin da ya fi taɓa zuciyata a ƙasarmu aka yi shi. Bayan ta bi sawun madara daga gonakin Latbiya zuwa Holan, aikin da ya ci babbar lambar yabo ta Ars Electronica a 2005, Esther Polak ta zo Najeriya da shirin NomadicMILK. Ta bi hanyoyi biyu na madara: ta Fulani makiyaya da shanunsu, da ta manyan motocin da ke rarraba madarar Peak. Maimakon ta tsaya a allon kwamfuta, sai aka ƙera wata 'yar na'ura mai taya wadda ke tafiya a ƙasa tana zubar da yashi, tana sake zana hanyar da GPS ta ɗauka. Mutane su kewaye zanen, mai tafiyar ya dubi sawunsa a ƙasa. Layin direba ya kan miƙe da tsawon kwalta. Na makiyayi kuwa ya kan karkace ya ninku, domin ciyawa da ruwa ke jan ragamarsa, kuma shi kaɗai ya san abin da kowace lanƙwasa ke nufi.

Wannan bai zame mana baƙo ba. Mu mutane ne masu karanta sawu. Dattijo ya kan tsuguna da kara ya zana wa baƙo hanya a ƙasa, maharbi ya dubi turɓaya ya faɗi abin da ya wuce da lokacin da ya wuce. Polak ta ɗauko lissafin taurari daga nisan kilomita dubu ashirin ta sauke shi a kan wannan tsohon allo da kowa ya iya karantawa.

Yau kusan kowace babbar waya tana ajiye ɗigon nan, kamfanoni suna tara su, mai tafiyar bai taɓa ganin siffar yininsa ba. Su Polak da Wood da Nold sun nuna cewa ana iya mayar wa mutum sawunsa ya duba. Mai sayar da nono da ke zagaya layuka, ɗan acaɓa, mai kai yara makaranta, kowannensu yana zana garinsa tun asuba. Gwanintar waɗannan masu fasaha ita ce sun iya riƙe wannan zane kafin iska ta share shi, sannan suka matsa gefe, suka bar mai ƙafar ya ba da labarin.