Sama Jannati Ko Bakin Rijiya? Gyara Ga Hausar Labarin Wata

Hutun da ya wuce ina gida Tasawa, muna fada da dare ana dafa shayi, rediyo na kawo labaran duniya. Sai mai karatu ya ce Amurka na shirin mayar da ƴan sama jannati duniyar Wata, har su kafa sansani na dindindin. Aka kwashe da dariya, wani ya ce, "Aikin ƙoshi!" Baffana da ya zo mana daga wani ƙauyen Mayahi ya juyo gare ni, tunda ni ne ɗan jami'a: "To ɗana, me za su je nema?" Wallahi na buɗe baki na rasa amsa da Hausa, alhali da Faransanci ina da ita. Kunyar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ƙorafina yana kan Hausar da ake ba mu labarin da ita.

Bari in fara da yabo. "Kumbo" kalma ce mai kyau: an ɗauko ta daga kayan cikin gida, ƙwaryar da ake zuba abu a ciki, aka ɗora wa jirgin da ke ɗauke da mutane a cikinsa. Haka "afolo", ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a 1969, shekarar da Apollo 11 ya sauka a Wata. Jama'a ne da kansu suka raɗa masa suna, sunan kuma ya zauna.

Amma "ɗan sama jannati" fa? Kunnen Bahaushe aljanna yake ji a cikinta. Da an faɗe ta, labarin ya tashi daga harkar mutane ya koma abin al'ajabi, irin wanda ake cewa "ikon Allah" a wuce. Mutum 12 ne suka taka Wata tsakanin 1969 da 1972, matuƙa jirgi da masana, ma'aikatan gwamnati masu albashi. "Sansani" kuwa zango ne na mayaƙa, wanda ake tashi a bari. Abin da ake shiryawa mazauni ne, kuma duk wanda ya san ƙauye ya san ba a kafa gari sai da rijiya.

Nan ne amsar baffa take, ita ce kuma rahotannin ke tsallakewa. A ƙuryar kudancin Wata akwai ramuka masu zurfi da rana ba ta leƙawa. A 2009 hukumar NASA ta buga wani ɓangaren roka cikin ɗayansu, Cabeus, aka ga ruwa a cikin ƙurar da ta tashi. Ƙanƙarar nan ana iya sha, ana iya raba ta a samu iskar shaƙa da man roka. Shi ya sa shirin Artemis na Amurka ya nufi can, Indiya ta saukar da Chandrayaan-3 a wannan yanki a Agustan 2023, Sin kuma ke son kai mutanenta kafin 2030, bayan ita da Rasha sun ƙulla kafa tashar bincike tun 2021. Wuraren da ruwa da hasken rana suke kusa da juna ba su da yawa. Kun ga ashe rige-rigen bakin rijiya ne.

Wa zai koya wa mutumin Mayahi wannan? Shi da ya san tsawon igiyar guga, ya san rikicin manomi da makiyayi kan burtali da mashaya a Gulbin Kaba, ya san ƙa'idar da ke cewa wanda ya gina rijiya shi ke fara sha amma ba ya hana baƙo. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki Wata. Sai dai a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba ƴan ƙasarta damar mallakar abin da suka haƙo a can. Yarjejeniyar Artemis ta 2020, wadda Najeriya da Ruwanda suka sa wa hannu a Disambar 2022, ta kawo batun kewayen tsaro a gefen wurin aikin kowa. Da Hausar gida: ba a ce gonarka ce ba, amma an bar ka ka yi shinge. Da haka aka faɗa a rediyo, da ba wanda ya yi dariya a fadarmu.

Kada wani ya ce abin ya yi mana nisa. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mars a jihar Agadas, nauyinsa ya haura kilo 24. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan sama da dala miliyan 5, sai daga baya gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Tambayar wa ke da dutsen sama ta riga ta iso ƙasarmu.

A Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Mun yi murna, ni ma na yi. Amma nauyi ne aka ɗora mana, musamman mu ɗaliban kimiyyar harshe. Ban ce a kori "sama jannati" ba, ta riga ta kama baki, kuma harshe ba ya bin umarnin ɗalibi. Roƙona ga masu fassara shi ne su riƙa cewa "mazauni", su riƙa ambaton ruwa, su riƙa faɗin wa ya sa hannu a kan me. Mu kuma mu zauna da ƴan'uwanmu na sashen kimiyya mu tattara kalmomi, mu gwada su a fada da kasuwa kafin mu rubuta.

Washegari na sami baffa yana ɗaure kaya, na ce masa, "Baffa, ruwa za su je nema." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To, rijiyar ta wa ce?"