Wasan Waƙa Kai Tsaye a Talabijin na Amurka: Tsakanin Shuhura da Ƙwarewa

Daga cikin fasahohin da mutanen Amurka suka raya, akwai wani nau'i na wasan kwaikwayo wanda ake cuɗanya zance da waƙa da rawa a cikinsa, cibiyarsa kuwa ita ce unguwar Broadway a birnin New York. Kuma tun lokacin da talabijin ya shiga gidajen jama'a, masu wannan sana'a suka ɗora wa kansu wani aiki mai wuyar gaske, wato su ɗauko wasan daga dandamalinsa su nuna shi kai tsaye, a daidai sa'ar da ake yinsa, ta yadda duk tuntuɓen da ɗan wasa ya yi, da duk muryar da ta sarƙe, sai miliyoyin mutane sun zama shaidu.

A farkon al'amari larura ce ta kawo haka, domin na'urar naɗe hoto a faifai ba ta wadatu ba. A watan Maris na 1955 tashar NBC ta nuna Peter Pan, Mary Martin tana ja gaba, aka ƙiyasta masu kallo miliyan 65; bayan shekara biyu CBS ta nuna Cinderella, wanda Rodgers da Hammerstein suka tsara musamman saboda talabijin, Julie Andrews tana kan gaba, aka ce fiye da mutum miliyan 100 suka gani. Abin lura a nan shi ne asalin waɗannan mata biyu. Martin ta shafe watanni tana wannan wasa ɗin dare bayan dare a Broadway kafin a kafa mata kyamara, Andrews kuwa a lokacin tana tsakiyar wasan My Fair Lady, saboda haka dukansu sun zo ne da numfashin da ya horu, da zuciyar da ta saba da idon jama'a.

Sa'ad da aka farfaɗo da al'adar a watan Disamba na 2013, larurar nan ta daɗe da gushewa, sai maslahar kasuwa ta maye gurbinta, domin tashoshi sun fahimci cewa abin da ake yi kai tsaye shi kaɗai ke tara mutane a sa'a guda, su zauna har da tallace-tallacen da ke ciki. Craig Zadan da Neil Meron suka shirya wa NBC The Sound of Music, suka damƙa babban matsayi ga Carrie Underwood, mawaƙiyar da ta shahara bayan ta ci gasar American Idol a 2005, mai murya ƙaƙƙarfa amma marar tarbiyyar dandamali. Hujjarsu a fili take, kuma alƙaluma sun goyi bayansu, tunda fiye da mutum miliyan 18 suka kalla. Sai dai masu sharhi da yawa sun yi ittifaƙi a kan cewa da zarar waƙa ta ƙare aka koma zance, sai wasanta ya sandare, musamman idan ta tsaya kusa da Audra McDonald, wadda ta ci lambobin yabo na Tony da dama kuma ta san yadda ake zuba ma'ana a cikin kowace kalma. A ganina laifin bai rataya a wuyan Underwood ba, wadda ta nuna jarunta da ta karɓi aikin. Yana wuyan waɗanda suka ɗauka shuhura tana iya tsayawa a matsayin ilmi. Da aka sake gwada dabarar a shekara ta gaba da Peter Pan, aka ɗauko Christopher Walken na fina-finai, masu kallo suka ragu da kusan rabi. A 2015 kuwa, da aka buɗe ƙofar gwaji ga kowa saboda The Wiz, aka zaɓo wata budurwa daga New Jersey da ba a san ta ba, Shanice Williams, aka kewaye ta da ƙwararru, har da Stephanie Mills wadda ta fara riƙe babban matsayin wasan a 1975, sai ga yabo ya dawo.

Mas'ala ta biyu ita ce ta wurin wasa, kuma ta fi ta farko ɓoyuwa. Wasannin farko na wannan farfaɗowa an yi su ne a wani makeken ɗakin ɗauka a Long Island ba tare da 'yan kallo ba, alhali marubutan irin wannan wasa sun gina shi ne bisa zaton cewa bayan kowace waƙa akwai tafi, bayan kowane barkwanci akwai dariya, kuma ɗan wasa yana auna saurinsa da wannan amsa. Idan aka cire ta, sai waƙa ta kai ƙololuwa ta faɗa cikin shiru, sannan talla ta biyo. Mai ba da umarni Thomas Kail ne ya magance wannan illa a Grease na tashar Fox a Janairun 2016, inda ya zaunar da jama'a a cikin fagen wasan kansa a harabar Warner Bros., 'yan wasa suna sheƙawa daga wannan ɗaki zuwa wancan a ƙananan motoci, ga ruwan sama yana zuba a ranar, ba a fasa ba.

Amma babbar aya ta zo ne a Janairun 2019. Ana gwajin ƙarshe na Rent, ana gobe za a nuna shi, sai ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan, Brennin Hunt, ya karye a ƙafa, kuma ya bayyana cewa ba a tanadi ɗan ko-ta-kwana ba, abin da ko ƙaramin gidan wasa na Broadway yake ɗauka wajibi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Fox ta nuna hoton gwajin da aka naɗe, in ban da ɗan ɓangaren ƙarshe, 'yan wasa kuwa a wancan daren da yawansu suna tattalin muryarsu ne saboda gobe. Wannan sakaci ne, kuma tushensa ɗaya da na zaɓen 'yan wasa: an sayar wa jama'a suna, shi ya sa aka ga babu wanda zai iya maye gurbin mai sunan. Hukuncina shi ne duk tashar da ba ta shirya ɗaukar nauyin horarrun 'yan wasa, da 'yan kallo a zaure, da madadi ga kowane babban matsayi ba, ya fi mata mutunci ta naɗe wasanta a faifai, ta kuma gaya wa jama'a gaskiya cewa naɗaɗɗe ne.