Littafi Mai Tsarki a Gombe: Wa Ke da Bakin Fassara Aya?

A tsayar da Kirista a Tumfure ko Bolari a tambaye shi abin da ke yanke hukunci a addininsa, amsar ɗaya ce: Maganar Allah. Ɗan ECWA zai faɗi haka, ɗan Angilika da na Baftis ma haka. Inda ake rabuwa shi ne wa ke da bakin cewa ga abin da aya take nufi.

Tushen lamarin yana kudancin jihar. A 1917 John Hall da Gordon Beacham na mishan ɗin SIM suka sauka a Kaltungo, ƙasar Tangale. Littafi suka zo da shi, don haka dole suka fara da koyar da haɗa baƙi. Sabon Alkawari ya fito da Tangale a 1932, shekarar da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya sha ɗawainiya a kansa. Na Hausar ne ya yi rinjaye. Da mutanen Tangale, Waja, Tula da Dadiya suka yi ta kwararowa Gombe, musamman bayan ta zama babban birnin jiha a 1996, Hausa ce ta zaunar da su a benci ɗaya. Ikilisiyar da SIM ta haifa a 1954, wato ECWA, ta gaji wannan tarbiyya: fasto ya yi wa'azi, amma kowa da nasa littafin a cinya yana bin sa a baya.

Ana ganin haka ranar Lahadi. Fasto ya ce, "Mu buɗe," sai ƙarar takardu ta cika majami'a. Littafin dattijuwar Zumuntar Mata yana cikin jaka mai zif, gefensa ya yi baƙi don shafa. A ciki akwai ambulan ɗin baiko, a shafin farko kuma sunayen 'ya'yanta da ranakun haihuwarsu. In mai wa'azi ya kuskure lambar aya, daga bencin mata ake gyara masa, ba kunya.

Sai dai ba a kan bagade ake gane ƙarfin Littafin sosai ba. A zaman dattawan ikilisiya ne, inda ake kawo rigimar aure, ciki kafin aure, da maganar burkutu. Wanda ya ƙara mata ta biyu zai kawo Ibrahim da Dauda. Dattawa su mayar masa da Farawa sura 2 da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, su sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji. Mai shan giya yana da bikin Kana, su kuma suna da Afisawa sura 5. Zakka ma haka: Malakai sura 3 ce aka fi jawowa, matasa kuwa suna tambaya ko dokar Tsohon Alkawari ce da ba ta hau kansu ba. Abin lura, ba wanda ke cewa Littafin ya yi kuskure. Kowa cewa yake ɗan'uwansa ne bai karanta daidai ba, kuma a ƙarshe fassarar dattawa ce ke aiki. Nan ne "Nassi kaɗai", taken da aka gada daga gyaran Martin Luther na 1517, ya fi sauƙi a baki.

Katolika, waɗanda ke ƙarƙashin dayosis ɗin Bauchi, ba su ɓoye wannan ba. Littattafan da ke cikin nasu Littafin 73 ne, ba 66 ba, kuma a fili suke cewa Ikilisiya ce mai fassara.

Gombe ta taɓa muhawarar duniya ma. Henry Ndukuba, wanda aka naɗa bishop ɗin Angilika na farko a Gombe a 1999, ya zama shugaban Cocin Angilika na Najeriya a 2020. A 2023 yana cikin waɗanda suka yi tir da matakin Cocin Ingila na sa wa masu auren jinsi albarka, hujjarsu kuwa ikon Nassi.

Ƙalubalen yau ya fi kusa da gida. Akwai masu kiran kansu annabawa, da mai da ruwan addu'a, waɗanda "Ubangiji ya ce mini" ɗinsu ke neman danne abin da ke rubuce. Akwai kuma waya. Ta sauƙaƙa samun Littafin da Hausa da Turanci, amma aya guda take miƙowa, ba abin da ya gabace ta ba abin da ya biyo. Faston da ya yi shekaru a kwalejin tauhidi ta Kufai a Billiri yanzu yakan fito daga sujada ya tarar da saurayi yana jiran sa a bakin ƙofa, riƙe da bidiyon wani mai wa'azin Legas da ya gani a Facebook, yana neman a ba shi amsa da sura da aya.